Laushin Murya Ba Laifi Ba Ne: Wa Ya Cancanci Shiga Zauren Gwarazan Rok?

A daren 19 ga Oktoban 2024, a birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka, aka kira sunan Dionne Warwick a bikin karrama gwarazan kiɗan rok. Tana da shekara 83 a duniya. Faifanta na farko ya fito ne a 1962, kuma dokar zauren ta ce mawaƙi ya cancanci shiga da zarar faifansa na farko ya cika shekara 25. Ke nan tun ƙarshen shekarun 1980 ta cika sharaɗi. Sau biyu aka saka sunanta a takara, a 2021 da 2022, sau biyun kuma masu zaɓe suka tsallake ta. Da aka tashi shigar da ita, sai wani ƙaramin kwamiti ya bi da ita ta ƙofar gefe, aka ba ta lambar ƙwarewa a kiɗa, ba a jera ta a sahun manyan mawaƙan da ake zaɓa da ƙuri'a ba.

Duk da wannan jinkiri na kusan shekara arba'in, an samu masu gunaguni. Ƙorafinsu shi ne wanda aka saba ji duk shekara: me ya kawo mai waƙar soyayya, mai murya kamar ana zuba zuma, zauren da aka gina domin masu ihu da gita? Tambayar ta cancanci amsa ta nutsuwa, domin a bayanta akwai wata aƙida da ta daɗe tana mulkin yadda ake rubuta tarihin kiɗan Amurka. Aƙidar kuwa kuskure ce, kuma tarihin zauren da kansa ne ya fi kowa ƙaryata ta.

Mene ne wannan zaure?

Ƴan Najeriya da yawa sun fara jin labarin Rock and Roll Hall of Fame ne a 2021, lokacin da aka saka sunan Fela Kuti a takara, jama'a suka yi ta kaɗa masa ƙuri'a ta intanet. Amma cibiyar ta girmi wannan lokaci nesa ba kusa ba. A 1983 wasu jiga-jigan masana'antar kiɗa suka kafa gidauniyarta, cikinsu har da Ahmet Ertegun, mai kamfanin faifai na Atlantic, da Jann Wenner, wanda ya assasa mujallar Rolling Stone. An yi bikin karramawa na farko a 1986, aka buɗe gidan tarihin a bakin tafkin Erie a 1995. An zaɓi Cleveland ne saboda a can mai gabatar da shiri a rediyo Alan Freed ya yayata sunan wannan kiɗa a farkon shekarun 1950.

Kowace shekara wani kwamiti ne ke fitar da jerin ƴan takara, sannan masu zaɓe fiye da 1,000, mawaƙa da marubuta da ƴan kasuwar kiɗa, su kaɗa ƙuri'a. Ba kuɗi ake rabawa ba. Abin da ake rabawa ya fi kuɗi daɗewa: wurin zama a tarihi. Sunan da ya shiga shi ake koyarwa, shi ake sake buga faifansa, shi ake yi wa fim. Wanda aka bari a waje kuwa, a hankali sai ya koma waƙar da ake ji a ɗakin jiran likita, ba wanda ya san mai ita.

Hujjar masu tsaron ƙofa

Adalci ne a faɗi hujjar masu adawa da ƙarfinta. Suna cewa rok tawaye ne. An haife shi a tsakiyar shekarun 1950 domin ya rusa daular masu waƙa a tsanake, irin su Perry Como da Patti Page, waɗanda iyaye ke so, gidajen rediyo ke aminta da su. Manyan wannan daula ba su ɓoye ƙiyayyarsu ba. A 1957 Frank Sinatra ya yi wa sabon kiɗan kaca-kaca a rubuce, ya kira shi mummuna kuma na lalatattu. Abin da ya fi ciwo shi ne aikin Pat Boone, farar fata mai ladabi da fararen takalma, wanda ya riƙa ɗaukar waƙoƙin baƙar fata yana wanke su da sabulu. A 1955 ya rera "Ain't That a Shame" ta Fats Domino ta kai matsayi na ɗaya, ta mai ita kuwa ba ta kai ba. Da ya ɗauki "Tutti Frutti" ta Little Richard, tasa ta fi ta asalin hawa sama a jadawalin Billboard. Saboda haka, in ji su, shigar da masu laushin murya tamkar gayyatar maƙiyi ne walimar nasara.

Suna ƙarawa da cewa ɗan rok na gaskiya shi ke rubuta waƙarsa, ya kaɗa kayan kiɗansa, ya zubar da gumi. Mawaƙin pop kuwa murya ce kawai ta haya, wani ya rubuta, wani ya tsara, kamfani ya sayar. Sannan kujerun ba su da yawa. Ƙungiyar Black Sabbath, wadda ta haifi wani reshe guda na rok mai nauyin ƙara, sai a 2006 ta shiga. Deep Purple sai a 2016. Duk kujerar da aka ba mai waƙar soyayya, a ganinsu, an ƙwace ta ne daga hannun ɗan gida.

Hujjoji uku ke nan: asali, da sahihanci, da ƙarancin wuri. A cikinsu akwai gaskiya kaɗan, kuma za a zo kanta. Amma a fara da asalin.

Su wa suka kafa gidan?

Mawaƙa goma aka shigar a sahun farko a 1986. A duba su ɗaya bayan ɗaya. Elvis Presley, wanda ake kira sarkin rok, a 1953 ya shiga wani ɗakin naɗar sauti a Memphis yana ɗan shekara 18, ya biya kuɗi daga aljihunsa ya rera waƙoƙi biyu. Dukansu na soyayya ne masu sanyi, ɗaya ma ƙungiyar Ink Spots ce ta yi suna da ita. Abin da ma'aikaciyar wurin, Marion Keisker, ta lura da shi har ta rubuta ta ajiye shi ne yaron ya iya waƙa mai taushi. Elvis ya kasance mai sha'awar Dean Martin, kuma daga cikin manyan faifansa akwai "Love Me Tender", wadda aka ɗora a kan karin wata tsohuwar waƙa ta zamanin yaƙin basasar Amurka, da "It's Now or Never", wadda aka aro karinta daga wata waƙar Italiya.

Chuck Berry, wanda ya koya wa duniya yadda ake kaɗa gitar rok, bai taɓa ɓoye cewa Nat King Cole ne gwaninsa wajen furta kalma a sarari ba. Ray Charles ya fara sana'a ne yana kwaikwayon Cole da Charles Brown, har sai da ya gano tasa muryar. Everly Brothers, wa da ƙani, da haɗa murya mai laushi suka yi suna. Shi kuwa Sam Cooke, wanda ya fito daga ƙungiyar waƙoƙin coci ta Soul Stirrers, ba a taɓa yin murya mai santsi kamar tasa ba a wancan zamani. "You Send Me", wadda ta kai matsayi na ɗaya a 1957, ba ta da ihu ko na sisin kwabo. Idan laushi ne ke hana shiga, to tun a ranar farko aka karya dokar.

Shekara guda bayan haka aka shigar da Roy Orbison, mai tsayuwa cak yana rera ɓacin rai, da Marvin Gaye, wanda babban burinsa a farkon rayuwa shi ne ya zama magajin Nat King Cole, har ya fitar da kundi guda na girmama shi a 1965. An shigar da Ink Spots a 1989, da Platters a 1990. Beatles kansu, a kundinsu na biyu a 1963, sun rera "Till There Was You", waƙa daga wasan kwaikwayon dandamali, kuma a 1965 suka naɗi "Yesterday" da gita mai sanyi da kayan goge huɗu. Wanda ya ce rok bai san laushi ba ya saurari rabin faifan ne ya ɗage allura.

Makirufo ya riga gitar lantarki

Akwai wani bashi da ya fi wannan zurfi. Kafin 1925, mai son a naɗi muryarsa sai ya tsaya gaban wani babban ƙaho ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, kamar mai shela a kasuwa. Da aka soma naɗar sauti da lantarki, makirufo ya ba mawaƙi damar yin abin da bai taɓa yiwuwa ba: ya yi magana a hankali, a ji numfashinsa, a ji rawar muryarsa, kamar yana raɗa a kunnen mutum ɗaya. Bing Crosby da tsararrakinsa su suka gano yadda ake sarrafa wannan na'ura. A lokacin ba a ɗauki abin a matsayin ladabi ba. A 1932 babban limamin Katolika na Boston, Kadinal William O'Connell, ya fito fili ya la'anci wannan salon waƙa, yana ganin lalata ce da zubar da mutuncin namiji. Zargin da aka yi wa Elvis shekara ashirin da ƴan kai bayan haka, an riga an yi wa masu raɗa a makirufo.

Crosby bai tsaya nan ba. Don ya huta da gabatar da shirinsa na rediyo kai tsaye, ya rungumi fasahar naɗar sauti a tef a 1947, ya zuba kuɗinsa a kamfanin Ampex. Shi ya ba abokinsa Les Paul ɗaya daga cikin na'urorin farko, Les Paul kuma ya yi amfani da ita wajen ɗora sauti a kan sauti, dabarar da duk wani kundin rok ya dogara a kanta daga baya. An shigar da Les Paul zauren a 1988. Duk ɗan rok da ya taɓa matso da leɓensa jikin makirufo ya rage murya domin ya karya zuciyar mai sauraro, gadon waɗannan mutane yake ci. An yi tuya an manta da albasa.

Batun wa ya rubuta

Hujjar sahihanci ta fi kowacce rauni. Elvis kusan bai rubuta komai ba. "Hound Dog" Jerry Leiber da Mike Stoller ne suka rubuta ta, kuma Big Mama Thornton ce ta fara rera ta. "Respect", wadda ta zama tutar Aretha Franklin a 1967, ta Otis Redding ce. Manyan waƙoƙin Supremes, waɗanda aka shigar a 1988, marubutan kamfanin Motown ne suka tsara su. Ba wanda ya ce a fitar da waɗannan. Dokar rubuta waƙa da kai ba ta tashi aiki sai an zo kan wanda dama ba a so.

Rera waƙar wani ma ƙirƙira ce, idan mai rerawar ya isa. Burt Bacharach da Hal David sun rubuta wa Dionne Warwick waƙoƙi masu karkatacciyar hanya, kari yana sauya ƙafa a tsakiyar baiti, murya tana tsalle daga ƙasa zuwa sama ba gargaɗi. Mawaƙa da yawa sun gwada sun yi tuntuɓe. Ita kuwa ta bi ta kansu kamar mai tafiya a tsakar gida, kuma wannan sauƙin da ake ji shi ya ruɗi masu suka, suka ɗauka aikin ba wuya. Dolly Parton ta fitar da "I Will Always Love You" a 1974, waƙar bankwana mai sanyi. Whitney Houston ta ɗauke ta a 1992 ta mayar da ita wani abu daban, ta yi mako 14 a matsayi na ɗaya. Daga wannan lokaci, duk yarinyar da ta hau dandamalin gasar waƙa, daga Manila zuwa Legas, da mudun Whitney ake auna ta. Idan tasiri ne ma'auni, kamar yadda zauren ke iƙirari, mawaƙa nawa ne suka sauya yadda ƴan Adam ke buɗe baki su yi waƙa kamar yadda ta yi?

Whitney ba baƙuwa ba ce a gidan rok. Mahaifiyarta, Cissy Houston, ta yi wa Aretha Franklin amshi, ta yi wa Elvis amshi a Las Vegas a 1969 tare da ƙungiyar Sweet Inspirations. Dionne Warwick ƴar'uwarta ce ta jini. A cocin New Hope Baptist da ke Newark ta koyi waƙa, irin makarantar da ta yaye Little Richard da Sam Cooke. Ta kafa tarihin da ba a taɓa yi ba, na waƙoƙi bakwai a jere da suka kai matsayi na ɗaya tsakanin 1985 da 1988. Ta cancanci shiga zauren tun tana raye. Ta rasu a Fabrairun 2012, aka shigar da ita a 2020. Donna Summer ta rasu a Mayun 2012, aka shigar da ita a 2013, bayan an sha saka ta a takara ana kayar da ita. George Michael ya rasu a 2016, aka shigar da shi a 2023. Kullum sai an kai gawa makwanci ake tuna alherinta.

Wa ya ce laushi ba ya da haɗari?

Masu tsaron ƙofa suna son kalmar tawaye, suna auna ta da fasa gita da lalata ɗakin otal. To, ga wani labari. A ranar 10 ga Afrilun 1956, Nat King Cole yana waƙa a Birmingham ta jihar Alabama, jihar da aka haife shi, a gaban taron fararen fata zalla, domin dokar wariya ta hana a cakuɗa. Wasu mutane suka hau dandamali suka far masa, suka kayar da shi ƙasa. Maharan suna da alaƙa da wata ƙungiyar masu rajin wariyar launin fata ƙarƙashin Asa Carter, wadda a daidai wannan lokaci take gangamin a haramta kiɗan rok. Su ba su ga wani bambanci tsakanin mai ihu da mai raɗa ba. Abin da suka gani shi ne baƙin mutum cikin kwat, yana rera soyayya da murya mai daɗi, matansu da ƴaƴansu mata suna saurare. Wannan ya fi tayar musu da hankali fiye da kowace ƙara.

A ƙarshen wannan shekarar Cole ya fara gabatar da shirinsa a tashar talabijin ta NBC, abin da da wuya a ga baƙar fata ya samu a lokacin. Shirin ya mutu a Disambar 1957 saboda manyan kamfanoni sun ƙi ɗaukar nauyinsa, suna tsoron fushin masu saye a kudancin ƙasar. Ga baƙar fatar Amurka na wancan zamani, tsabtar shiga da nutsuwar murya makami ne, hanya ce ta shiga ɗakin da aka ce ba nasa ba ne. Sam Cooke mai murya kamar alharini shi ya ƙi yin waƙa a gaban taron da aka raba bisa launin fata, shi ya kafa kamfanin faifansa na kansa, shi ya bar wa masu gwagwarmayar ƴanci "A Change Is Gonna Come" a 1964. Shiru-shiru ba tsoro ba ne. An shigar da Cole a shekarar 2000, a rukunin magabata masu tasiri, shekara 35 bayan rasuwarsa.

Wa ya riƙe mudun?

Idan hujjojin ba su tsaya ba, me ya sa suka daɗe haka? Amsar tana wajen masu riƙe da mudu. Tun ƙarshen shekarun 1960, wani rukunin marubuta, galibinsu fararen fata maza, suka kafa ma'aunin abin da ake kira kiɗa na gaskiya: namiji, da gita, da murya mai kaushi, da waƙar da ya rubuta da hannunsa. Abin da mata ke so, ko abin da ake rawa da shi, ko abin da aka yi wa ado da goge, sai aka jefa shi kwandon kayan kasuwa. A 2004 marubuci Kelefa Sanneh ya yi wa wannan aƙida ta fifita rok fyaɗen ƴan kaɗanya a jaridar New York Times, kuma tun daga nan muhawarar ta sauya. Amma cibiyoyi sun fi jaridu nauyin jiki. Lissafin da malamar aikin jarida Evelyn McDonnell ta yi a 2019 ya nuna cewa mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka shigar zauren ba.

A Satumbar 2023 ɓoyayyen ya fito fili. Jann Wenner, wanda ya shugabanci gidauniyar shekara da shekaru, ya fitar da littafin hirarrakinsa da mawaƙa bakwai da ya kira gwanaye, dukansu fararen fata maza. Da wakilin New York Times ya tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa mata da baƙar fata ba su kai wannan matsayi na iya bayyana tunani ba. Nan da nan aka cire shi daga kwamitin amintattun zauren, ya kuma nemi afuwa. Ba za a ce kowane mai zaɓe haka zuciyarsa take ba. Amma wanda ya daɗe yana mamakin abin da ya tsayar da Dionne Warwick a bakin ƙofa ya samu abin da zai yi tunani a kai.

Aƙidar ta yi ƙarfin da har waɗanda take cutarwa sun haɗiye ta. A Maris ɗin 2022 Dolly Parton ta nemi a cire sunanta daga takara, tana ganin ba ta cancanta ba. Zauren ya ƙi, aka zaɓe ta, ta karɓa, sannan ta tafi ta yi kundin rok guda a 2023 kamar mai biyan bashin da ba ta ci ba.

Babu wanda wannan mudu ya zalunta kamar Karen Carpenter. Ana tuna ta a matsayin alamar waƙar da ba ta da haƙori, musamman da yake ita da yayanta Richard sun yi wasa a fadar White House a zamanin Shugaba Nixon a 1973. An manta cewa makaɗiyar ganga ce tun asali, wadda ƙungiyarsu ta jaz ta lashe gasar makaɗa a Hollywood Bowl a 1966, kuma da ƙyar aka raba ta da gangunanta aka tsayar da ita a gaba. An manta cewa "Superstar" Leon Russell da Bonnie Bramlett ne suka rubuta ta, ƴan rok na gidi, kuma Russell yana cikin zauren tun 2011. An manta cewa a 1972 sun saka gitar lantarki mai kaushi a tsakiyar "Goodbye to Love", dabarar da ƙungiyoyin rok suka yi ta ci da ita shekaru ashirin. Ta rasu a 1983 tana da shekara 32, sakamakon cutar ƙin cin abinci. Waɗanda suka ji duhun da ke ƙarƙashin wannan murya su ne ƴan Sonic Youth, ƙungiyar da ta fi kowa ƙara da hargitsi a New York. Sun yi waƙa a kanta a 1990, suka sake rera "Superstar" a 1994. Ya zuwa bikin 2024, Carpenters suna waje.

Haka Luther Vandross, wanda ya yi amshi ya kuma tsara muryoyi a kundin David Bowie mai suna Young Americans a 1975. An shigar da Bowie a 1996. Vandross ya rasu a 2005, kuma bikin 2024 ya zo ya wuce babu sunansa.

Ina za a ja layi?

A nan ne gaskiyar masu adawa take. Ba kowane mai daɗin murya ne ya cancanta ba, kuma yawan sayar da faifai ba hujja ba ce. Pat Boone ya sayar da miliyoyi, amma babu mawaƙin da ya tashi yana son ya zama Pat Boone. Laushinsa ragi ne: ya ɗauki abu mai rai ya cire masa yaji domin ya shiga gidajen da ba sa son ganin mai shi. Laushin Sam Cooke ko na Karen Carpenter kuwa wuta ce da aka rufe da toka. Kama da wane ba wane ba ce. Tambayar da ta dace a yi wa kowane ɗan takara, mai ihu ne ko mai raɗa, guda ce: bayan shi, an ci gaba da waƙa kamar da, ko kuwa wani abu ya sauya?

A gwada wannan ma'auni a kan Sade. An haifi Helen Folasade Adu a Ibadan a 1959, ta tashi a Ingila, ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta ta fitar da Diamond Life a 1984. Ba ta ɗaga murya, ba ta yawan fitar da kundi, ba ta son hira da ƴan jarida. Amma Stuart Matthewman na ƙungiyarta yana cikin waɗanda suka gina kundin farko na Maxwell a 1996, wanda ya buɗe wani sabon babi a waƙoƙin baƙar fatar Amurka. Deftones, ƴan rok masu nauyin ƙara, sun sake rera waƙarta "No Ordinary Love". Mawaƙan hip-hop kuwa ba su gajiya da ambaton ta. An saka ta a takara a 2024, a wannan shekarar ba ta samu shiga ba. Ƴan rok ɗin da ake cewa ana kare martabarsu sun riga masu zaɓe gane ta.

Akwai kuma abin da ba a hangowa daga Cleveland. A ƙasashe da dama na Afirka, ciki har da Najeriya, kiɗan Amurka ya fi shiga gidaje ta bakin Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton da Lionel Richie fiye da ta gitar Led Zeppelin. Cibiyar da ke iƙirarin auna tasirin kiɗa a duniya ba za ta yi watsi da muryoyin da suka fi nisan tafiya ba.

Saura batun ƙarancin kujeru. Gaskiya ne an wulaƙanta ƴan rok masu nauyin ƙara. Judas Priest ma ta ƙofar gefe aka shigar da su a 2022, ƙofar da aka bi da Dionne Warwick. Amma marubutan da suka raina Carpenters su ne dai suka raina Black Sabbath a farkon shekarun 1970, suna ganin kiɗan jahilai ne. Mudu ɗaya ne ya tauye su duka. Masoyin Iron Maiden da ke zagin Whitney Houston ya bar jaki yana dukan taiki. Adadin waɗanda ake shigarwa kowace shekara ba saukakke ba ne daga sama, kwamiti ne ya yanke, kuma kwamiti na iya ƙarawa.

Masu cewa a gina wa ƴan pop nasu zauren daban sun makara. Gidan da ya karɓi Johnny Cash a 1992, da Bob Marley a 1994, da Miles Davis a 2006, da Grandmaster Flash and the Furious Five a 2007, da ABBA a 2010, ya riga ya amsa cewa shi ne kundin tarihin kiɗan zamani tun daga shekarun 1950. Ba zai buɗe wa kantiri da rege da jaz da hip-hop ƙofa ba, sannan ya ce mace mai rera soyayya a tsanake ita ce baƙuwar da za ta ɓata masa suna.

Cissy Houston ta rasu a ranar 7 ga Oktoban 2024, kwana goma sha biyu kafin a karrama Dionne Warwick. Ta ga an shigar da Aretha da Elvis, waɗanda ta tsaya a bayansu tana amshi. Ta ga an shigar da ƴarta, shekara takwas bayan ta binne ta. Masu zaɓe fiye da 1,000 za su sake karɓar takardar ƙuri'a, kuma a cikinta za a sake samun wani mai sanyin murya kusa da wani mai gita. Abin da ake nema a wurinsu bai wuce su saurari faifan har ƙarshe ba, kuma su yi hakan tun mai muryar yana da rai.